Sunan Inna bai fito a rabon taki ba, wai wa ke rubuta sunayen nan?

Telan Bakin Kasuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na jima ina leƙowa nan ina karanta na mutane, ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya tsaya min a rai.

Ni tela ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina birni. Inna tana ƙauye ita da ƙanena. Awa biyu da rabi ne a mota, sannan ka sauka ka hau babur, in damina ta yi nisa kuma sai ka naɗe ƙafar wando a bakin rafi. Ba zan faɗi jiharmu ko ƙaramar hukumarmu ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Shekara huɗu da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari gonar jigawa ce, gero da dawa da wake, sai 'yar fadama da ake shinkafa. Da ita gidan ke ci, ni sai dai in ɗan cika.

Daminar da ta wuce Inna ta ji a rediyo cewa gwamnatin jiha za ta sayar wa manoma taki da rangwame, kowa a mazaɓarsa. Ƙaramin rediyo ne mai batir, a jikin danga take rataye shi in tana sussuka ko tankaɗe, kuma labarin ƙarfe biyar ba ya wuce ta. Ta kira ni muryarta har rawa take don murna. Na ajiye ɗinkin mutane na nemo kuɗin buhu biyu, na tura ta wajen mai POS. Ranar rabo ƙanena ya yi asubanci zuwa makarantar firamaren da aka jibge kayan. Yana layi tun kafin rana ta fito har aka kira la'asar. Da ya kai gaban tebur, mai takarda ya bi layi da biro, shafi ɗaya, biyu, uku, ya ɗago ya ce babu sunan. Wai ba mu yi rajista ba.

To mu a saninmu mun yi. Da rani wani saurayi ya zagaya gida-gida da fom, ya karɓi naira dubu biyu, hoto biyu da kwafin takardar NIN ta Inna. Ba rasit, ba komai. Abin da ya fi ƙona min rai, a yammacin ranar ƙanena ya ga irin buhunan a kasuwa, mutumin da ko kuyya ɗaya bai taɓa shukawa ba ya karɓi nasa ya sayar. Mu kuma muka sayi rabin buhu a tiya-tiya da tsadar kasuwa, shinkafar ta yi rawaya kafin ya iso.

Wani abin kuma, ban sani ba ko yana da hannu a ciki: layin da Inna ta saba amfani da shi na Baba ne, an rufe shi lokacin da ake haɗa layi da NIN. Wanda ke hannunta yanzu ni na saya da tawa lambar.

Don Allah masu sani, wa ke rubuta sunayen nan, kuma yaushe? Sannan jerin masu taki shi ne na masu samun tallafin kuɗi, ko daban-daban ne? Inna ta ce maƙwabciyarta ta taɓa samun kuɗi a waya, ita ba ta taɓa ba. Ba na so bana ma mu sake dawowa hannu rabbana.

Malamin Gona Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka maka da kula da gyatuma.

Yaro, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ka ji sanarwar rabo a rediyo, takardar da ke hannun mai tebur ta daɗe da barin ƙauyenku, ta je sakatariya, ta je hedikwata, an buga ta ta dawo. Rediyo ranar karɓa yake faɗa muku, ranar rubutu kuwa ba kasafai ake shelarta ba. Da rani ake wannan aiki, lokacin da mazan ƙauye da yawa sun tafi ci-rani. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina zagaya ƙauyuka a kan babur, kuma kukan da kake yi na ji shi kowace damina.

Bari in ɗan koma baya don ka gane inda layin waya ya shigo. Aikin malaman gona irin namu ya samo asali ne daga shirye-shiryen bunƙasa noma da aka fara da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, a Funtua da Gusau da Gombe. Daga nan kowace jiha ta kafa tata hukumar: KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa, KTARDA a Katsina, da sauransu. A zamaninmu littafi ne da biro, malamin gona ya san gonar kowa da idonsa. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, aka kawo tsarin da ake turo wa manomi saƙo a waya, ya je wajen dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Shirin ya wuce, amma ɗabi'ar ta zauna. Tun daga lokacin lambar waya ta zama kamar sunan yanka. Yanzu an ƙara da NIN. Idan suna ya ce Inna, lambar ɗan ƙasa ta ce Inna, layi kuma ya ce kai, kwamfuta tana iya watsar da sunan ba tare da wani ya ƙi ku ba.

Amma ni zargina bai ma kai can ba. Fom ɗin da aka karɓi dubu biyu a kansa, ina kyautata zaton bai taɓa fita daga aljihun saurayin nan ba. Ban taɓa ganin rajistar manoma ta gwamnati da aka ce a biya kuɗin fom ba. Abin da ake biya shi ne kuɗin takin kansa, sai kuma kuɗin ƙungiya idan mutum ɗan ƙungiya ne, shi ma da rasit da littafi.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka je gida da kanka tun kafin ruwan farko, kada ka aika. Ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi sashen gona, ka ce a nuna maka malamin gonar da ke kula da mazaɓarku. Ka karɓi lambarsa, ka kai shi gonar ya gani in da hali. Sannan ka tambaya ko akwai ƙungiyar manoma mai rajista a ƙauyenku, musamman ta mata. Shirye-shirye irin su Fadama da NG-CARES da ACReSAL ta hannun ƙungiyoyi da al'umma suka fi bi, kuma ana neman mata a cikinsu ruwa a jallo don akwai kason da ake ware musu. Bazawara mai gona da kanta, ai ita ake nema. Masu shinkafa kuma akwai RIFAN, ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙasa. Kada ka tsallake mai unguwa da dagaci, don a jihohi da dama suna cikin kwamitin rabo, kuma su ake tambaya ko wane manomi ne da gaske.

Wata shawara da ba ka tambaya ba. Ko an samu na gwamnati ko ba a samu ba, ku daina watsa taki kamar ana ba kaji tsaba. A gero da dawa, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na takin kamfa (NPK) a gindin kowane rami, a ɗan nesa da tsiron, a rufe da ƙasa, ya fi tiya guda da aka watsa rana ta ƙone ruwa ya wanke. Yuriya in ba a binne ta ba iska take bi. Wake kuma ba ya son yuriya da yawa, ganye zai yi ta yi ba 'ya'ya. Takin sufa ya fi so. Da takin gida da wannan dabara, rabin buhun nan naku zai yi aikin da ba ku zata ba.

Ma'aikaciyar Asibitin Mazaɓa ta amsa:

Baba Malam ya gama da taki, ni bari in ɗauki tambayarka ta biyu, don kullum sai na yi wannan bayani a bakin tagar ba da kati.

Jerin ba ɗaya ba ne. Aƙalla uku ne: na taki, na kuɗi da na lafiya, kuma shiga ɗaya ba ya sa ka a sauran.

Na kuɗi shi ne kundin rajistar marasa ƙarfi na ƙasa. Ofishin NASSCO ke riƙe da shi a Abuja, kowace jiha kuma tana da ofishin da ke tattara nata. Ba fom ake cikewa a shiga ba. Yadda aka tsara shi, jami'ai ne ke zuwa gari, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a garin, ya lissafo gidajen da suka fi shiga ciki. Sai a haɗa jerin, masu ƙidaya su bi gida-gida da na'ura suna tambayoyi. Daga cikinsa aka riƙa biyan naira 5,000 a wata zamanin Buhari, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. A 2023 kuma aka sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Wataƙila ɗaya daga cikin waɗannan maƙwabciyar Inna ta samu. Idan lokacin da aka zo garinku Baba yana raye kuma gidan yana da rufin asiri, ba mamaki ba a sa ku ba. Ka tambayi sashen jin daɗin jama'a a sakatariya yaushe za a sabunta na mazaɓarku. Kuma ko sunan mutum yana kundin, ba dole ba ne a biya shi, ana tsamo wasu ne daga ciki.

Na uku shi ne nawa, kuma shi mutane suka fi sakaci da shi alhali ya fi saurin amfani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Kuɗin yana bi ta hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa, KADCHMA a Kaduna, zuwa asibitin da aka zaɓa, yawanci ɗaya a kowace mazaɓa. Masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa ƙarfi ake yi wa rajista, su riƙa ganin ma'aikaci da karɓar maganin da ke cikin tsarin ba tare da biya ba. Gurbi ƙayyadadde ne, yana cika. Ka kai Inna asibitin mazaɓarku ka tambayi mai kula da shi ko suna cikin shirin da kuma lokacin da za a buɗe sabuwar rajista.

Sai maganar suna, don Allah ka duba wannan da kyau. Iyayenmu mata suna uku gare su: na yanka, na gidan miji, da wanda 'ya'ya ke kira. A takardar NIN an rubuta ta da sunan mahaifinta, a katin zaɓe da sunan mijinta, a banki an cire harafi ɗaya ko an juya na gaba ya koma baya. Ranar haihuwa kuwa rabin ƙauye ɗaya ga Janairu aka haife su, shekarar ce kowane magatakarda ya ƙiyasta tasa. Na sha ganin tsohuwa ta zo da takardu uku a ƙulle cikin leda a bakin zani, ka ɗauka na mata uku ne. Ka baje takardun Inna a tabarma ka gwada su harafi da harafi. Wanda ke kan NIN shi za ku riƙa bayarwa ko'ina. Kuma a yi mata layi da lambar NIN ɗinta ita kanta, ta je da ƙafarta a ɗauki hotonta.

Ɗan Gidan Waya ya amsa:

Yaya, ƙari kaɗan a kan na Anti. A layin da aka yi rajistar NIN da shi, *346# yana nuno lambar. Na BVN kuma *565*0# ne a layin da banki ya sani. Tunda layin Baba ya tafi, ku yi hanzarin sauya lamba a banki in Inna tana da asusu, domin kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe a rufe, saƙon kuɗinta sai ya riƙa faɗawa wayar wani.

Kuma ka gargaɗi ƙanenka kan saƙonnin WhatsApp masu cewa gwamna ya amince a ba kowa kaza, danna nan ka tura wa mutum goma. Na ƙarya ne. Shafukan gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa. Duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobin da aka turo a saƙo don a sako tallafi, asusun zai kwashe. Sati ba ya wucewa ban ga mai kuka a shagona ba.

Talaka Bawan Allah ya amsa:

Ku dai kuna ta wahalar da bawan Allah da yawon sakatariya. Wane malamin gona, wace ƙungiya? Jerin nan a ɗakin shugaban jam'iyya na mazaɓa ake rubuta shi da daddare. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba a ce an ba kowace jiha naira biliyan biyar ta rage wa mutane raɗaɗi ba? Mu abin da ya iso layinmu, gida huɗu aka haɗa wa abin da bai cika kwano uku ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, muka yi ta murna, har yau rijiyar burtsatsen garinmu a lalace take. Tela, ka tara kuɗinka ka sayi takinka da kaka lokacin da yake da sauƙi, ka huta da bin layi.

Tsohon Kansila ya amsa:

Malam Talaka, ban ce ka yi ƙarya ba. Na yi kansila zango ɗaya, na ga abin da kake faɗa, wani ma da hannuna aka yi, Allah ya yafe mana. Amma akwai lissafin da ba a yi wa mutane.

Tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka. Ƙaramar hukuma ba ta gaza mazaɓu goma. Idan tirela ɗaya aka turo, buhu sittin ke nan kowace mazaɓa, ita kuma mazaɓar ƙauyuka nawa ne a cikinta, magidanta nawa? Kafin motar ta tsaya an riga an cire na wane da na wane daga sama. Abin da ya rage shi za a miƙo wa kansila a ce ya yi adalci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na taɓa kwana uku ba na kwana a gidana saboda rabon taki, surukina ma ya daina amsa gaisuwata.

Abin da na lura da shi, kuma shi ya sa ban yarda Tela ya haƙura ba: idan ana yanke sunaye, na wanda ba shi da mai magana ake fara yankewa. Sunan da ya zo cikin jerin ƙungiya mai rajista, da hatimi da sa hannun dagaci, yana da wuyar gogewa, domin mutum ashirin ne za su zo ƙofar gidanka, ba tsohuwa ɗaya ba. Ƙauyen da ya manna jerin sunayensa a bangon makaranta ko ƙofar fadar dagaci kafin ranar rabo, cuwa-cuwa ta fi wahala a can. Ku nemi a manna. Ba laifi ba ne, ba rashin kunya ba ne.

In kuma an zalunce ku, ku rubuta. Mutanenmu sun fi son su yi ta ƙorafi a majalisa a gindin bishiya. Takarda ɗaya zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, kwafi ga hakimi, a buga muku hatimin karɓa a naku kwafin, ta fi zagin wata guda. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, tun 1975 take, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Shirye-shiryen rediyo da ake buga waya kai tsaye su ma suna tsorata jami'ai fiye da yadda kuke zato. Na san haka don an taɓa kiran sunan mazaɓata a ɗaya, kafin azahar shugaba ya neme ni.

Shawarar sayen taki da wuri kuwa, wannan na yarda da Malam Talaka ɗari bisa ɗari. Na gwamnati ya zama ƙari, kada ya zama shi ake jira a yi shuka.

Telan Bakin Kasuwa ya sake rubutawa:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rufe shago kwana uku na je gida, ga abin da na tarar.

Baba Malam, zarginka ya tabbata. A sashen gona an buɗe min littafin mazaɓarmu, babu sunan Inna, babu na ko mutum ɗaya cikin gida tara da saurayin nan ya karɓi kuɗinsu. Sunan Baba ne ma na gani a wani tsohon jeri, da lambar layin da aka rufe. Malamin gonar namu ashe mutum ɗaya ne ga mazaɓu uku, babur ɗinsa ma a wajen bakanike na same shi. Na sa masa mai muka je fadama, ya taka ta da ƙafa ya rubuta.

Ƙungiyar mata kuwa ashe akwai, shekararta biyar, suna taro ranar Laraba a gidan ungozoma. Lokacin da suka zo neman Inna tana cikin takaba, daga baya kuma kunya ta hana ta zuwa, wai kada a ce ta zo don an fara rabo. Shugabar tasu da kanta ta biyo ni gida ta yi mata faɗa irin na ƙawaye, aka rubuta ta a littafi a gabana, na biya kuɗin shiga aka ba ni rasit.

Anti, kin yi gaskiya kan takardu. NIN da sunan kakana, katin zaɓe da sunan Baba, shekarun haihuwa sun bambanta da shekara shida. Mun yi sabon layi da lambarta. A asibiti an ce gurbi ya cika, amma an rubuta ta a jerin masu jira, kuma an auna jininta aka ce ya ɗan hau, abin da ba mu taɓa sani ba.

Ranka ya daɗe Kansila, takardar koken ce ba ta yiwu ba. Na rubuta ta da daddare a hasken tocila, da sunayen gida taran, na karanta wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙo hannu ta karɓa ta sa a ƙarƙashin tabarmar da take zaune a kai. Saurayin jikan ƙanwar kakarta ne, kuma da ƙaramar salla za a ɗaura masa aure. Ta ce in na kai shi gaban hakimi, da wane ido za ta shiga gidan bikin. Har na taho takardar tana ƙarƙashin tabarma, kuma ta ce in an kawo ɗinkin angon kada in karɓi kuɗin hannu.